Na Dawo Daga Agadas, Na Sauka a Ɗakin Awaki

Ina tuƙa tuwo a wata mahaƙar zinariya can arewa da Agadas lokacin da maganar cutar korona ta iso mana. Wurin ba gari ba ne, rumfunan buhu ne da ramuka da maza masu jajayen idanu, waɗanda in suka fito daga rami ba ka gane Bahaushe da Bazabarme sai sun buɗe baki. Ni mutuniyar wani ƙauye ce gabas da Mai'adua, shi ya sa kowa a can yake ce mini Ta Daura. Tun da mijina ya rasu na ga zaman jiran a ba ni ba zai fisshe ni ba, na ɗauki muciyata na bi hanya. Bakina bai iya shiru ba, wannan kowa ya shaida, amma miyata ma ba a taɓa rainawa ba.

Da farko dariya aka mayar da abin. Wani ya ce cutar masu hawa jirgi ce, wani ya ce zafin hamada ma kaɗai ya isa ya soya ta. Ni ma na yi dariyar, don a lokacin abin da ke raina daban ne.

A wurin nan sai ka hau wani dutse kake samun sabis. Ranar da na hau na kira gida, yayana Sani ya ce mini 'yata Lami ta zo goyon ciki, kuma watanta ya kama. Lami ita kaɗai Allah ya bar mini, kuma haihuwarta ta fari ce. A wajenmu uwa ce ke tsayawa a kan wankan jego, ita ke dafa ruwa, ita ke dama kunun kanwa, ita ke lura da cibiyar jariri. Mahaifiyata Iya tana nan da rai, amma ta tsufa, ga fuka da ke tayar mata ko hayaƙin murhu ta shaƙa. Ba za ta iya ɗaga tukunyar ruwan zafi ba. Na sauko daga dutsen nan ban ma san na taka ƙasa ba. Washegari na raba tukwanena, na ɗaure kayana.

Sai aka ce ana rufe hanyoyi. Wani direba mai haƙorin Makka ya rantse mana da Allah cewa shi ya san inda zai bi, kuma har Damagaram zai kai mu. Muka biya shi kuɗin hanya gaba ɗaya. Da muka hango Agadas sai ya tsaya a bayan gari, ya ce mu sauka ya duba taya. Muna sauka ya ja motarsa, muka bi shi da kallo. Na zage shi, na zagi haƙorin nasa, amma zagi bai taɓa dawo da mota ba. Muka ɗauki kaya a ka muka shiga gari a ƙafa.

Zaman Agadas shi ya fi ci mini rai. Tasha cike da mutane, mota babu. Kullum da safe in ɗaure kaya, da yamma in kwance. Ba na iya zama wuri ɗaya, in je bakin ƙofar tasha in dawo, in sake komawa. Ina ganin mace da goyo sai in tuna Lami. A nan wani ya zo yana tallar maganin korona a cikin gorar roba, mutane suna ta rububi. Na karɓa na sunsuna, na ce masa, "Malam, wannan ai citta ce da tafarnuwa, ko kanumfari ba ka sa ba. In miya ce ma ba ta yi ba." Ya fizge gorarsa ya ce ni baƙin ciki nake yi masa.

Wata Buzuwa mai sayar da cuku ce ta ji tausayina. Hausarta a karye take, ni kuma ba na jin nata yaren, amma ta matsa mini a inuwar rumfarta, take ba ni ruwa daga salkarta. Ranar da na samu mota, ta yanko wani ƙyalle daga tsohon rawanin mijinta ta miƙa mini, ta nuna hancinta da bakinta. Na karɓa don kada in kunyata ta, na cusa a jaka. Ko sunanta ban tambaya ba, kuma abin yana damuna har yau.

Motar da muka samu ta ɗaukar kanwa ce. An hana ɗaukar fasinja, saboda haka duk inda aka doshi shingen jami'ai sai yaron mota ya ja tamfol ya rufe mu, mu lafe a kan buhuna kamar kaji a akurki. A ƙarƙashin tamfol ɗin nan numfashin wani shi ne iskar wani. Kusa da ni akwai wani dattijo, Baba Mamman, mai haƙar rijiya, mutumin wajen Magarya. Tun daga Agadas yake tari, busasshen tari mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Mutane suka riƙa jan jiki, to ina za a ja a je? Ni kuwa da na dube shi sai na ga mahaifina. Na tallafe kansa a kan ƙullin kayana, na riƙa ba shi ruwa da kofina, in ya sha ni ma in kurɓa.

Yana cewa, "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Mura ce kawai, in na sha furar gida za ta sake ni."

Bai sha furar ba. Muna shiga Tanut da hantsi ya cika, kansa a kan kayana. Direba ya so a sauke shi a gefen hanya a wuce, wai kada a riƙe masa mota. Nan na tashi. Na ce masa in ya isa ya taɓa sitiyarin nan, sai na tara masa garin Tanut kaf. Mutanen garin kuwa suka fito, ba su san shi ba, ba su san mu ba, suka yi masa sutura suka kai shi. Ina zaune a gindin wata bishiya ina jiran mazan su dawo daga maƙabarta, wayata ta yi ƙara. Yaya Sani ne. Ya ce Lami ta sauka lafiya, namiji. Na rasa wanda zan yi, kuka ko guɗa, sai na yi duka biyun, matan da ke wucewa suka tsaya suna kallona.

A bakin Damagaram aka kama mu, tamfol bai yi aiki ba. Aka jera mu gaban wata rumfa, wata ma'aikaciyar lafiya, su can lokotoro suke cewa, tana ɗora mana wani abu a goshi tana duba zafin jiki. Fuskarta a rufe da takunkumi, idanunta kawai ake gani. Ta tambaya ko akwai wanda ya yi tari a motar. Direba ya riga ya ja mana kunne, kowa ya yi tsit. Ni dai bakina ya riga ni. Na ce akwai, kuma mun binne shi a Tanut. Harara ta zubo mini ta kowane gefe.

Matar ta ja ni gefe. Ta ce, "Uwa, wa kike da shi a gida?"

Na ce, "Mai jego, da jariri, da tsohuwa mai fuka."

Ta dube ni da kyau. Sannan ta ce ciwon nan yakan ɓuya a jiki kwanaki kafin ya nuna kansa, kuma mutum na iya raba shi tun bai san yana da shi ba. Ta ce tsofaffi da masu ciwon ƙirji ya fi kayarwa. In na ji zazzaɓi, ko tari, ko na daina jin ƙanshi, to in ɗauka shi ne. Ko ban ji komai ba, in na isa gida in ware kaina kamar mako biyu, ɗakina daban, kofina daban, kwanona daban, in riƙa wanke hannu da sabulu, in rufe baki da hanci, kuma kada a tara mutane. Wurin da suke ajiye matafiya ya cika, jikina kuma ba zafi, sai ta ba ni sabulu ta sallame ni.

Na ce mata to, amma a zuciyata cewa na yi, yarinyar nan ba ta san wankan jego ba. Na ratso hamada don in zauna a wani ɗaki in naɗe hannu?

A Matamai na tsaya cin abinci wajen wata mai tuwo. Na kai loma ɗaya na ji kamar ruwan zafi na zuba a baki. Abin ka da mai sana'a, na ce mata, "Baiwar Allah, daddawa ta yi tsada ne a garin nan?" Matar ta hasala. Ta ɗauko ƙullin daddawarta ta kwance ta kawo mini dab da hanci, ta ce, "Wannan mece ce, ƙasa?" Na shaƙa. Na sake shaƙa. Babu komai. Ni da nake gane daddawar kalwa daga bayan katanga, ga ta a hancina kamar dutse. Na ajiye kwanon a hankali, na ja da baya, na laluba jaka na ciro ƙyallen Buzuwar nan na ɗaure fuskata. Na ce wa matar ta wanke kwanon da hannunta da sabulu sosai. Ta bi ni da kallo, ta ɗauka taɓin hankali ne.

Iyaka a rufe take, sai 'yan acaba masu bi ta cikin gonaki. Na hau bayan wani saurayi, muna tafe gaɓoɓina suna ciwo, kaina yana sarawa. Ya tambaye ni me ya sa na naɗe fuska a zafin bazarar nan. Na gaya masa gaskiya, na ce shi ma ya rufe tasa, in ya koma ya wanke jikinsa. Birki ya taka. Ya ce, "Hajiya, sauka. Ina da iyali." Ban ga laifinsa ba, ko da yake kuɗinsa bai rage mini ko kaɗan ba. Sauran tafiyar a ƙasa na yi ta, kaya a ka, ina hango kukokin garinmu suna ƙin matsowa.

A hanyar nan na yi ta gardama da kaina. Wata zuciyar ta ce gajiya ce, shiga ki ɗauki jikanki. Ɗayar ta tuna mini yadda ɗakin mai jego yake: ƙofa a saye, taga a toshe, wuta a ƙarƙashin gado, mata cike ana miƙa jariri daga hannu zuwa hannu, Iya kuma a tsakiyarsu. Ban ga bambancinsa da ƙarƙashin tamfol ɗin nan ba. Na zauna a kan kunyar wata gona na kira Yaya Sani. Na ce ya fitar da awaki daga ɗakinsu na bayan gida, ya share, ya sa mini tabarma da buta da tulu.

Ya ce, "Binta, lafiyarki kuwa?"

Na ce, "Ita ce ban tabbatar ba, Yaya."

Kafin in iso labari ya riga ni. Mata sun fito ƙofar gida, ana ta guɗa. Talatu, matar Yaya, ta taho da moɗar ruwa a hannu kamar yadda ake tarbar kowane matafiyi, moɗar da duk gidan ke sha da ita. Ƙishirwa kamar ta kashe ni. Na ɗaga hannu na ce kowa ya tsaya inda yake. Guɗar ta mutu. Sai ga Iya ta fito tana dogara sanda, tana haki, tana cewa, "Ina take? Ina 'yar nema?"

Na ce, "Iya, kada ki matso. Na ɗauko ciwo a hanya."

Ta ce, "Ciwo? Wane ciwo ne ban jinyata a jikinki ba? Ƙyanda ko tarin shiƙa? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Zo nan in gan ki."

Na ce, "Wannan ba irinsu ba ne. Ni zan iya tashi, ke ba za ki tashi ba."

Ta tsaya tana dubana. Daga nan ta juya ta shige gida. Ban taɓa jin abin da ya soke ni kamar juyawar nan ba. Na zagaya ta bayan gida na shiga ɗakin awaki. Wata rahamar, ko warinsu ban ji ba.

Gari kuwa ya samu abin taunawa. Wasu suka ce zinariya na kwaso nake ɓoyewa don kada a roƙe ni. Wasu suka ce iskokin hamada ne suka biyo ni. Da na roƙi Yaya a hana taron suna, sai abin ya ƙara zafi. Allah ya saka masa, ya je ya samu liman da mai unguwa, su ma sun ji a rediyo ana cewa a rage taruwa. Aka raɗa suna a fili, maza ƙalilan, ba musabaha, aka raba nama gida gida. Matan da suka zo barka aka tsayar da su a zaure, suka koma suna cewa gidan Malam Sani an fara wulaƙanta mutane. Wata ƙanwar mijin Lami har yau gaisuwarmu sama sama ce.

Bangon ɗakin awakin nan shi ne bangon makewayin da ake wa Lami wanka. Nan na samu aikin yi. Safe da yamma in jingina da bango in riƙa ɗaga murya. "Talatu, kin sa ganyen darbejiya? Taɓa da gwiwar hannu tukuna, kada ki ƙona mini yarinya! Kunun nan kada kanwa ta yi yawa!" Talatu ta amsa daga can, "To, sarkin aiki, an ji." Wani lokacin in ji Lami tana kuka ƙasa ƙasa, tana cewa, "Inna, ko leƙowa ba za ki yi ba?" In ce mata ta yi haƙuri, in cusa ƙyalle a baki don kada ta ji tarina. Kukan jaririn kuwa har na san na yunwa, na san na rigima, ban san fuskarsa ba. Abinci a bakin ƙofa ake juye mini a kwanona, mai kawowa ya ja da baya kafin in buɗe. Iya ba ta zo ba, ba ta kuma aiko ba.

Sai ciwon ya taso da ƙarfinsa. Malamin asibiti ya zo daga Mai'adua ya tsaya a ƙofa da takunkuminsa, ya ba ni maganin zazzaɓi, ya ce in numfashi ya fara gagara a kira shi maza. Ranar da numfashin ya gagara, rana ta take tsaka, Yaya ya hau babur ya tafi nemo shi. Ina kwance ina jan iska kamar ta cikin tsinke. Na ji takun sanda, na ji hakin da na sani tun ina yarinya. Da sauran ƙarfina na ja jiki na tokare ƙofar kwanon da wani guntun turmi.

Iya ta tura, ƙofa ta ƙi. Ta buga da sanda.

"Binta, buɗe."

"Ba zan buɗe ba, Iya."

"Ni kike gaya wa haka? Na ce ki buɗe!"

Ban amsa ba, don iskar amsawar ma babu. Ta yi ta bugu har ta gaji. Sai na ji muryarta ta karye. Ta ce, "To in tafiyar ce ta zo, wa zai laƙƙana miki kalmar shahada? A ɗakin awaki za ki mutu ke kaɗai, ina raye?"

Na ce, "Ki matsa baya kaɗan. Ki faɗa daga nan, ina ji."

Na ji ta ja ƙafa, na ji ta zube a ƙasa cikin ranar nan. Ta fara faɗa, tana yi tana haki, ni ina maimaitawa a guntu guntu. In na yi shiru sai ta daka mini tsawa, "Ban ji ba!" in sake ɗagowa. Ita da fukarta a waje, ni da nawa ciwon a ciki, ƙofa a tsakaninmu. Haka muka yi ta yi har na ji ƙarar babur ɗin Yaya.

Ashe da sauran shan ruwana. Malamin asibitin ya sa aka janye Iya, ya shiga ya kifar da ni rub da ciki, ya yi abin da zai yi, ya kuma riƙa zagayowa har ƙirjina ya saki. Ba a gwada ni ba, saboda haka har gobe akwai masu cewa mura ce na mayar da ita abin tsoro. Su faɗa. Abin da na sani shi ne, a gidanmu ba wanda ya yi tari, ko Iya, ko Lami, ko yaron.

Sai da malamin ya ce ya isa sannan na fito. Na wanke kayana kaf na shanya a rana, na yi wanka da sabulu har fatata ta yi zafi, na shiga gida ta ƙofar gaba. A ƙofar ɗakin Lami ƙafata ta ƙi gaba. Na koma na sake wanke hannu. Iya tana zaune a bakin gado da jaririn a cinya, ta dube ni sama da ƙasa, ta ga yadda na rame.

Ta ce, "Ungo mijin naki, ya gaji da jira. Ni kuma kada ki ƙara rufe mini ƙofa."

Na karɓe shi, na ce, "To, Iya."

Ta harare ni, don ta san ni, ta kuma san in abin ya sake zuwa zan sake rufewa.